Askin Ɗan Fari

Basiratu ta sauka. Matar ɗana ta sauka da hantsin nan, mace aka samu, uwa lafiya, 'ya lafiya, kuma da kunnena na ji kukanta daga bayan ƙofa, murya ce irin ta masu tallar koko a kasuwar Kejetia.

Subhanallahi, kun ga aikin tsufa. Ban yi sallama ba, ban gai da kowa ba. Madam Latifatu, malamata, na ga kin sunkuyar da kai. Kin koyar, ni ne ban riƙe ba. Bari in koma baya in shigo ta ƙofa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Shugaban wannan taro, Alhaji Hamadu. Wakilin Sarkin Zango da 'yan rakiyarsa. Limamanmu da malamanmu. Malaman wannan makaranta ta yamma, masu haƙurin koya wa tsoho riƙon fensir. Ɗaliban da ake yayewa yau, waɗanda wasunsu sun fi ni furfura. Iyayenmu mata, 'yan uwana maza, da maƙwabtanmu Asante da suka zo taya mu murna, ina gaishe ku gaba ɗaya, ina kuma gode muku.

Sunana Brimah Wanzam. Wanda bai san ni ba a Zangon nan, kansa ya san ni. An gayyace ni ne a matsayin tsohon ɗalibi, in yi magana a kan amfanin karatu ga dattijo. Na rubuta jawabi da hannuna, mai kyau ƙwarai, amma na baro shi a kan bencin asibiti, domin babu inda zan sa shi. Ku dubi rigar nan. Hannun dama ya fi na hagu tsawo, aljihun kuma a ɗinke yake ruf. Ɗana ne ya ɗinka, shi da ake layi a shagonsa. Shugaba, ka ba ni izini, labarin aljihun nan shi ne jawabina.

Magana ta farko. Yaron ɗan farina ne, kuma kun san al'adarmu. Ba na kiran sunansa, ba na zama da shi hira. In ina son sa, sai in ce da uwarsa, Hajiya Ajara, "Ina wancan?" Da matarsa ta sami ciki kuwa, kunya ta ninku: ina ganin ciki, ina kallon sama.

Da cikin ya yi nisa, suka je asibiti aka yi hoton ciki. Likita ta gaya musu leɓen jaririn na sama a tsage yake, mai yiwuwa har rufin bakin. Ta ce ana gyarawa, amma sai bayan haihuwa da watanni, kuma sai an haihu za a san iyakar abin. Basiratu ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya wa Hajiya, kafin magariba mata sun kewaye ta, wannan da addu'a, wannan da kunu, wannan ta karɓe mata wanki. Mata sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma sun cika maganarsu, Allah ya saka musu. To, ciwon ɗa namiji na wane ne? Kowa ya shigo gida sai ya ce, "Yaya mai ciki?" Mijin yana tsaye a bakin ƙofa yana amsawa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Babu wanda ya juya ya ce masa, "Kai fa?" Ni kuwa ba a gaya mini komai ba, don maganar ciki ba ta hawa tabarmar suruki.

Magana ta biyu, a kan hikimata. Na ga yaro yana ramewa. A kawo masa wake da shinkafa, ya juya cokali ya tashi. A yi masa magana, sai an maimaita. Mai fara'a ya koma mai tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ni da na gaji magani daga ubana, na dube shi ta gefen ido na ce ciwon shawara ne. Na jiƙa saiwa na aika masa ta hannun uwarsa, ya shanye. Bai warke ba. Na ce to, mataccen jini ne. Na sa aka kwantar da shi na kafa masa ƙaho a baya, har ina nuna wa Hajiya jinin ina cewa, "Kin ga ciwon ya fito." Bai warke ba. Na ce lalle hannun maƙiya ne, na karɓo rubutu, ya shanye shi ma. Yaro ne mai biyayya. Da man keken ɗinki na aika, da ya sha.

Jama'a, a makarantar nan na koyi karanta allon trotro, motar hayarmu, na koyi karanta katin asibiti, har saƙon waya ina karantawa in an ƙara mini girman baƙaƙen. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, fuskar da nake kunyar kallo, yaya zan karanta ta?

Magana ta uku, ita ce mai tsawo. Sallah ta zo, ya kawo mini rigar nan. Na nemi aljihu in sa goro, hannuna ya zame. Na ɗaga ido don in yi faɗa, sai na ga kansa. Suma ta taru kamar sheƙar tsuntsu. Ɗan wanzami, a Zangon Kumasi, ranar Sallah. Kada ku ce tausayi ne ya motsa ni. Kishin sana'a ne. Na ce da uwarsa, a gabansa, "Gaya wa wancan ya same ni a tabarma bayan la'asar."

Ku da kuka saba da askin inji ba ku san wani abu ba. A wurin wanzami, mutum yana zama ne gab da kai, gwiwa da gwiwa, kansa a sunkuye. Ido ba ya ganin ido, kuma wanda aska ke kansa ba ya tashi ya gudu. Na jiƙa kan, ina wasa aska, sai na ji ɗigo a gwiwata. Na ce, "Sabulu ne ya shiga ido?"

Ya ce, "Baba, ai ba ka sa sabulu ba tukuna."

Daga nan magana ta ɓalle, kansa a ƙasa, kamar da tabarma yake yi. Ya gaya mini abin da hoto ya nuna. Ya ce tun ranar, in ya ɗauki almakashi sai ya yanka yadi ba daidai ba. Ya ce kullum yana bincike a ransa ko wani laifinsa ne ya faɗa kan jaririn. Ya ce, "Baba, ni na riƙa ɗaukar maka zabira zuwa gidajen suna ina yaro. Na san yadda ake rage murya in an haifi irin wannan. Na san yadda ake leƙa zane a ce Allah ya kyauta, a fita a tsaya a lungu." Na ce ya gaya wa matarsa? Ya ce, "In na yi kuka a gabanta, ita a kan wa za ta jingina?" Ya ce ya shirya, da ta sauka zai kai su garin Ejura wurin gwaggonta, a yi suna a can shiru, kada su dawo sai an ɗinke leɓen. Sannan ya faɗi wadda ta fi nauyi. Ya ce, "Tsoro nake a miƙo mini abin da na haifa in kasa kallo."

Ni kuwa, tsohon ɗalibin Madam, na ga lokacin hikima ya yi. Na gyara murya na ce, "Kai tela ne. In yadi mai tsada ya tsage, yar da shi kake yi?"

Ya ce, "Baba, ba yadi ba ne."

An ce wanzami ba ya son jarfa. Ran nan na sha tawa. Allah ya taimake ni ya rufe mini baki, na rasa karin magana, na rasa magani a zabira. Abin da ya fito kawai shi ne, "Suraj." Tun ranar da aka raɗa masa sunan ban taɓa faɗinsa ba. Ya ɗago da sauri ya dubi ƙofa, don ya ga wa ya shigo. Saura kaɗan in cire masa kunne. Na ce, "Ni ne. Sunkuya, ban gama ba."

Daga ranar, kowace Juma'a sai aski. Gashi bai isa fitowa ba, amma sai aski. Kan ya koma kamar sabuwar ƙwarya, har a masallaci ana tambaya ko Umra ya je a ɓoye. Wata rana bayan aska kawai nake gogawa, shi yana magana, ni ina koyon yin shiru, karatun da ya fi ABC wuya. Ya ce in raka shi asibiti, na raka shi. Likita ta zaunar da mu ta ce ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba ne. Ta ce maza da yawa suna shiga wannan hali, barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, kuma akwai wanda aikinsa ke nan a asibitin, ya saurari irin wannan damuwa. Ta haɗa su. Da ta ji sana'ata, sai ta nuna ni da biro, ta kira ni yadda Asante ke kiran dattijo, ta ce, "Nana, askarka ta tsaya a kan gashi. Babu cire beli, babu taɓa bakin nan." Na ce na ji, na kuma ɗauka.

Abu ɗaya na yi da zan iya yin alfahari da shi, shi ma ƙafata ce ta yi, ba kaina ba. Na tuna Bawah mahauci na unguwar Aboabo, wanda na aske wa ɗa mai irin wannan leɓe, yau yaron yana makaranta, sai ka matso za ka ga zaren tabo. Na kai Suraj wurinsa. Bawah ya dube shi ya ce, "Kana barci?" Ya ce a'a. Bawah ya ce, "Ni ma ban yi ba. Zauna." Na gyara riga zan zauna in ba da gudummawa, sai Bawah ya ce, "Baba Wanzam, ko za ka je ka duba mana mai shayi?" Na fahimta. Na daɗe a wurin mai shayi.

Saboda haka ina roƙon ku, maza. In an ce cikin matar ɗan uwanku da matsala, ku gai da mai ciki, sannan ku ja mijin gefe. Kada ku ce masa "kai namiji ne"; ya sani, abin da ke cinsa ke nan. Malamai, ku gaya musu hawaye ba ya karya tawakkali. Iyaye masu kunyar ɗan fari, ban ce ku yar da al'ada ba, amma ku nemi tabarmarku. Wanda ba shi da aska ya nemi abin da zai riƙe.

Yau da hantsi nas ta fito da jaririyar a naɗe. Suraj yana tsaye, hannayensa a baya. Ta ce masa, "Papa, gye wo ba," wato karɓi 'yarka. Ni dai na kalli sama, na saba. Da na sauko da ido, tana hannunsa, ya buɗe zanen, yana kallo, bai kau da kai ba. Can ya ce, "Baba, goshinka ta ɗauko." Na ce Allah ya ba ta haƙuri. Na leƙa, na yi mata murmushi da giɓin nan nawa. Ni da ita duk ƙofarmu a buɗe take. Tata za a gyara, tawa likita ya ce sai dai haƙuri.

Ban ce an gama ba. Akwai aiki a gaba, shayar da ita sai an koya, uban kuma har yanzu wandonsa yana masa yawa. Amma da zan taho na ce masa, "Motar Ejura fa?" Bai ɗago daga kallonta ba ya ce, "Ka je taronka, Baba. Ka gaya musu su zo."

Allah ya sa albarka a karatun waɗanda aka yaye yau. Allah ya saka wa malamanmu. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya kwantar da hankalin mazansu, ya ba likitoci sa'a, ya zaunar da Zango da Asante da Ghana baki ɗaya lafiya. Na gode.

Gobe in Allah ya yarda za a sallame su. Gidan Wanzam ba ya ɓata, ƙofa mai shuɗin fenti, kuma ranar suna a tsakar gida zan aske ta, ba a ɗaki ba. Wanda zai rage murya ya bar ta a gida. Uban yana bakin ƙofa, ku fara yi masa barka. Gani ya kori ji: ku zo ku gan ta.