Kawu Sai-Kuma-Me

Mai girma Mai Shari'a, shugaban ƙungiyar lauyoyi, malamanmu, Inna matar Kawu, Yaya Babba ɗan Kawu da ƙannensa, 'yan'uwa da maƙwabta, assalamu alaikum.

Ni ce 'yar ƙanwar marigayi, wadda ko a aji ba ta ɗaga hannu. Jiya na ce wa Inna ba zan iya yin jawabi ba. Amma ɗazu a bakin ƙofa na ji wani yana cewa Kawu ya tafi a kan gaɓa, tun kafin ƙirƙirarriyar basira ta raba lauyoyi da aikinsu. Shi ya sa na miƙe.

Kawu ya kasance lauyan da ba ya gaggawar ba da amsa. In ka gama kawo kukanka, sai ya cire tabarau ya ce, "Sai kuma me?" Har muka laƙaba masa sunan.

Ya kasance yana barina in zauna a bencin ofishinsa bayan makaranta, ina ɓoye littafin soyayya a cikin tsohon fayil. Ashe ya sani. Wata rana ya ce, "Ranki ya daɗe, yarinyar ta amince masa kuwa?" Na ce ta amince, har an yi aure. "Sai kuma me?" Na ce littafin ya ƙare. Ya ce, "To, daga nan namu aikin yake farawa."

Ina kan bencin nan wani tela ya shigo da takardar ƙara da na'urar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa tsaf. Zai maka ƙanensa a kotu kan katangar shago. Kawu ya karanta, ya ce ta fi shi iya rubutu. Sannan ya ce, "Sai kuma me?" Tela ya sake zancen katanga. "Sai kuma me?" Kawu ya jira shi. Can tela ya ce, "Da aka kwantar da ni a asibiti, bai zo ba." Ba a je kotu ba. Ga su can su biyu a layin baya.

Na gwada na'urar a waya. Kafin in rufe baki ta amsa, ba ta jira ni ba. Mu masu nauyin baki mu muka san darajar mai jira, kuma muna da yawa.

Yaya Babba, na san wani mai sayar da wayoyi yana son a ba shi ofishin Kawu. Ka kuma ce in bar zancen karatun lauya, wai kafin in gama babu aikin. A gida na kasa ba ka amsa, ga ta yau a gaban kowa: zan karanta. Inna, don Allah kada a ba da makullin, kada a kyautar da baƙar rigarsa ta kotu. Na gwada ta, ta yi mini tsawo. Telan nan ya ce zai rage mini ita.

Mun gode da kuka zo kuka zauna da mu. Allah ya jiƙan Kawu, ya ba Inna haƙuri. Shi da ya yi ta tambayar mutane don ya rage musu nauyi, Allah ya sa tasa tambayar ta zo masa da sauƙi. Amin.