Addu'a a Ƙofar Kwamitin Ɗaukar Likita

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Abin da na ji ne kawai a bencin asibiti, ƙofar ɗakin da kwamiti ke tantance wanda zai zama babban likitan sashen gaggawa. Wata dattijuwa ce zaune kusa da wata mai goyo.

"'Yata, naki ne a ciki?" in ji dattijuwar.

"Maigidana ne, Mama. Su biyu suka rage."

"Ɗayan ɗana ne. An ce bayan tambayoyi har mutum-mutumin roba za a shimfiɗa musu, su nuna yadda ake farfaɗo da mutum."

"Ai namu ya shirya. Babu filon da bai danna wa ƙirji ba a gidanmu."

Dattijuwar ta yi dariya. "Kin ƙara mini tsoro."

"Ni ma tsoron nake ji. Yanzu ma da yake ƙaramin likita, yarinyar nan kuka take in ya ɗauke ta, ba ta san fuskarsa ba. Ina ga ya zama babba?"

Dattijuwar ta dubi goyon. "To wa zan yi wa addu'a ke nan?"

"Ki yi wa ɗanki, Mama. Zan ce amin, amma a hankali."

Ƙofar ta motsa. Na rungumi littafina na sulale kafin su lura da ni.