Hannun da Zai Yi wa Jikana Wanka

Jama'ar Ubangiji, salamar Yesu ta zauna tare da ku. Ni ce Rahila mai koko, ta Rikoto. Wanda bai san fuskata ba ya san kokona.

Kullum hannuna cikin ruwan gasara yake. Bara sai faratana suka fara yin kauri, suka yi baƙi, suna marmashewa kamar tsohon garin rogo. Tsakanin yatsu kuma ƙaiƙayi ba dama. Wa ya ce kananzir, wa ya ce man birki, duk na shafa. Da na gaji, sai na koma ƙunsa lalle don in ɓoye. Mata suna ta tsokanata: "Mama Rahila, amarci za a koma?" Ina dariya, amma cikina tsoro ne. Na ɗauka kuturta ce.

Ana cikin haka ɗiyata Hannatu ta samu cikin fari. Kun san al'adarmu, kaka ce ke yi wa jariri wanka. Na dubi hannuna, na yi kuka. Da wannan zan taɓa jikana?

Wata Talata a Zumuntar Mata aka ce mu riƙe hannun juna mu yi addu'a. Na cusa nawa cikin zani. Baba Saratu, tsohuwar da ke kusa da ni, ta jawo shi da ƙarfi. Ta shafa farcen, ta ji yadda yake, ba ta sake ni ba. Ta ce, "Ya Uba, ga hannun ɗiyarka, kai ka yi shi." Zuciyata ta kwanta nan take. Da aka ce amin, sai ta raɗa mini, "Ke, lalle ba magani ba ne. Gobe asibiti."

Nas ta ce ba kuturta ba ce, dangin makero ne, kuma danshi yake so. Halleluya! Ta ba ni ƙwayoyi da man shafawa, ta ce in raba hannuna da ruwa, in yi haƙuri, farce ba ya sauri.

Mai koko ta rabu da ruwa? Sai ga matan zumunta suna zuwa bi da bi suna tace mini gasara. Wasunku kun yi ƙorafi kokon ya tsinke. Na ji, na yafe muku!

Cikin Hannatu yana girma, sabon farce yana turo tsohon a hankali. Kowace safiya sai in duba, in ce, "Yesu, kar yaron nan ya riga mu."

Bai riga mu ba. Watan jiya ta haifi namiji, kuma ni na yi masa wankan farko, da hannun nan. Ku duba, ba lalle!

Na gode wa Yesu. Ɗan'uwa, abin da kake ɓoyewa cikin aljihu, fito da shi, Ubangiji ba ya ƙyama. Ga jikan can a bayan uwarsa. Jiya ma da nasa farcen ya yakushe ni.