Maganin Gansakuka a Motar Danja

A tashar Funtua motar Danja na jiran cika. Malama Zuwaira, mai koyar da kimiyya a sakandare, ta zauna kusa da wani dattijo makaho, Baba Maiwada.

"Baba, ka ji abin da likitoci ke gwadawa a ƙasar waje? Akwai wani sinadari a jikin gansakuka mai jin haske. Sai a sa shi a jijiyar idon da ya daina gani, a ba mutum tabarau na musamman, saƙo ya riƙa isa ƙwaƙwalwa."

"Gansakukar kududdufi? Ikon Allah! Sai ya ga komai?"

"A'a, inuwa-inuwa dai. Ya gane kofi a kan tebur."

Ya yi dariya. "Ai kofi da hannu nake gane shi, 'yata. Shekara ashirin ke nan ba na gani, kuma ban fasa noman dawa ba."

"Amma bincike bai tsaya ba, Baba. Nan da shekara goma..."

"In ya iso, da ni za a je. Ke kuma yaushe naki ya fara?"

Ta juyo ta dube shi, ya ci gaba:

"Na ji kin yi tuntuɓe sau biyu kafin ki shigo, da rana tsaka. Haka nawa ciwon idon ya soma, ta gefe."

"Bara ne," ta ce a hankali. "Ko maigidana bai sani ba."

"To ki faɗa masa yau. Ni kam alhamdu lillahi, ina zaune lafiya, ke ma za ki zauna."

Zuwaira ta sauke numfashi, ta ce, "Yau ɗin zan faɗa masa, Baba."