Saƙon Madam Tasalla

A tashar Tsibiri, mata biyu suna jiran mota ta cika. Ɗaya ta kara salula a kunne, sai ta kusa da ita ta ce:

"Baiwar Allah, Turanci kike saurare?"

"Karatun ɗiyata ne. Malamarsu ta Ingilishi ke aiko labari da murya, su saurara a gida, in sun je lakwal sai tambayoyi kawai. Allah ya biya Madam Tasalla."

"Tasalla ta unguwar Zariya? Ƙanwata ce. Jiya muka yi sadakar arba'in ɗinta. Salularta ma tana jakata, a kashe."

"Haba dai! Da safen nan ta aiko. A ƙarshe har ta ce a faɗa wa Tahira kukan ya isa haka."

Mai jakar ta ture ta daga cinyarta.

"Ni ce Tahira."