Wanda Ba a Kira

Wata tsohuwar saniya na lasar ƙafar benci a tashar Kankia. Mai ita, Bubayero, ya kasa daina kallon budurwar da ke ta ƙyalƙyala wa kwamfutarta dariya.

"'Yata, lafiya? Ko aljanun ciki ne ke ba ki labari?"

"Baffa, ɓarawo na kama! Na rubuta wa famfon gonarmu ta Mawashi umarni, in rijiya ta ja baya ya kashe kansa. Manhajar da ke harhaɗa umarnin ta ga ba wani sashe da ke kiran wannan umarnin, ta ɗauka ba shi da amfani, ta watsar da shi. Saura ƙiris inji ya ƙone. Yanzu na sa masa alama, ko ba a kira shi ba a bar shi."

"Ai manhajar ta yi daidai," ya ce yana dariya. "Ni ma kasuwa zan kai wannan saniyar. Ba nono, ba maraƙi. Sai in rafi ya cika take shiga gaba, sauran shanun su bi."

"To bana wa zai shiga gaba?"

Bubayero ya daɗe yana duban saniyar. Ya miƙe, ya kora ta suka koma hanyar gida, Rimaye.