Hajo Ta Aiko da Iri

Ina gaishe ku duka, manya da yara, da sunan Yesu Almasihu wanda bai gaji da ni ba.

Sunana Arzika, mutumin Filingue, tsohon soja. Waɗanda suka san ni a da, lokacin da nake zama gindin bangon kasuwa ina hamma hawaye na zuba, za su yi mamakin ganina tsaye a nan da wankakkiyar riga. Ni ma ina mamaki. An ce in faɗi abin da Ubangiji ya yi mini, zan kuwa faɗa. Amma ku sani tun yanzu, akwai abin da ya ba ni, akwai wanda har yau nake jira. Matata Hajo ba ta gidana.

Damina ɗaya muka yi da ita kafin a ɗauke ni soja. Kun san yadda muke shuka a ƙasarmu ta Kurfey. Namiji a gaba da sungumi yana sara, mace a baya da ƙwarya tana zuba iri tana rufewa da diddige. Ba ma ko magana. Ni dai ina jin takunta a bayana, in na yi sauri ta yi tsaki, in rage. Irin na gidanmu ne tun kakana, ana ajiye shi cikin gora da toka. Ranar da zan tafi, goran nan na damƙa mata.

Aka sa mu jirgin ruwa har Indoshin, inda Faransa ke yaƙi. Ƙasa ce ta ruwa da laka, ba inda mutum zai taka ya ji rairayi. A can aka harbe ni a cinya. Da na fito daga likita, wani abokina ya kai ni wani gida a cikin gari, inda mutane ke kwance bisa tabarmi, kowa da doguwar lofe da 'yar fitila. Abin da ake sha baƙi ne, mai danƙo kamar ƙaro. Ofiyom suke ce masa.

Na tambaya ko ba laifi ba ne. Aka yi mini dariya. Tsofaffin soja suka ce ai gwamnati da kanta ta daɗe tana dafa shi tana sayarwa. A lokacinmu an ce an hana, amma ƙofofin a buɗe suke, kuma ɗan gwangwanin da aka nuna mini da hatimi a kansa. Ni soja ne. Abin da ke da hatimi, ban san a yi masa gardama ba.

Ba don ciwon cinya ya kama ni ba, 'yan'uwa. Da na ja, sai in ga gida. In ga gonarmu a cikin dallol, kwarin nan namu, da gawon da ke tsakiya, in ji takun Hajo a bayana sarai. Shekara biyar ina zuwa gida ta wannan hanya.

Da aka sallame ni na dawo da lambobi biyu a ƙirji, da gwangwani ɗaya a ƙasan akwati. Hajo ta jira. Kowace damina ta shuka irin da taimakon 'yan'uwana, ta cire sabo ta mayar gora. Ta kawo mini shi ta ajiye a gabana tana murmushi. Na duba, na ce madalla, hankalina yana ga akwati.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ga gonar, ga gawon, ga matar zaune kusa da ni, amma ni kewar waɗanda nake gani cikin hayaƙi nake yi. Na gaskiyan akwai rana, akwai ƙuda, akwai gajiya. Ruwan farko ya sauka ina kwance a ɗaki.

Gwangwani ya ƙare. Jikina ya ce bai san zancen ba. Sai na tuna a bariki akwai wani maganin zawo, ruwa-ruwa mai launin shayi, da ofiyom a ciki, wanda 'yan'uwanmu ke sha in sun rasa. Na je gidan likita na riƙe ciki. Majo, wato babban mai ba da magani, wani ɗan Dahome ne mai suna Tomas. Ya buɗe kabad da mabuɗin da ke rataye a wuyansa, ya ɗauko kwalba ya ɗiga mini. Na koma, na sake komawa. A karo na huɗu ya dube ni ya ce zawon nan naka ya san ranar kasuwa.

Sai na aiki Hajo. Ku ji fa. Mace mai kunya, wadda ko sunana ba ta faɗi, na sa ta je gaban wani namiji ta ce cikinta ke gudu. Ta je sau biyu. Na biyun Majo ya ce mata a hankali ta koma gida, ya san mai ciwon. Ta dawo ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure kayanta, ta ɗauki goran iri.

Na ce, "Ina za ki da irin gidanmu?"

Ta ce, "Maigida, in na bar shi, musanya shi za ka yi da kwalba. Shekara biyar ina jiran mutum. Wanda nij jira bai zaka ba tukuna. In ya zaka, ya san hanyar Damana."

Ta tafi gidan iyayenta a Damana. Ni kuwa, maimakon in bi ta, kun san abin da na yi? Na sa kakina, na goge lambobina da toka, na ɗauki takardar sallamata na nufi ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin gari. A tunanina abin kamar fansho ne. Gwamnati ta san ina sha, a ƙarƙashin tutarta na koya, to ta yanka mini rabona. Na ƙame, na sara, na faɗi buƙatata da ƙarfi kamar mai ba da rahoto. Tafinta ya sunkuyar da kai, ya ƙi fassarawa. Sai na maimaita da faransancin bariki.

Kumandan bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon lambobina. Daga baya ya ce ƙasashen duniya sun zauna sun sa hannu a kan wannan abu, takarda ta fito daga Faransa ta biyo ta Dakar har Yamai, ba mai taɓa shi sai likita, shi ma da awo. Ya ce ko na ƙetara iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki haka zan tarar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da sunka zauna, wa yat tuna da mu da munka riga munka sha?"

Ya ce takardar ba ta faɗi wannan ba.

Na fito na zauna gindin bango da kakina. Ban taɓa jin ni kaɗai ne a duniya ba kamar ranar. A can an buɗe mini ƙofa, a nan an rufe, kuma hannu ɗaya ne. Yau ba na zagin dokar. Da ba a kulle kabad ɗin nan ba, da tuni kun binne ni. Amma kulle kawai aka yi, aka bar ni a waje da abin da ke cina.

Majo Tomas ne ya same ni a wurin. Hausarsa duk a karye, har yau in na tuna sai in yi dariya. Da muƙamina na soja yake kirana. Ya ce, "Kaporal, ni ba iya ba ka kwalba. Ni iya zauna." Ban gane ba sai da na ga ya zauna ɗin, a ƙasa, da farar rigarsa.

Ya kai ni bukkar gonarmu, nesa da idon mutane. Kwana tara na yi a can. Na yi amai, na yi rawar sanyi da tsakar rana, ƙasusuwana kamar ana sara. Kullum in ya tashi aiki sai ya zo da kunu da ruwan gishiri. Mabuɗin yana lilo a wuyansa, ina ganinsa. Rana ta huɗu na kai masa hannu. Na shaƙe mutumin da ke ba ni kunu! Da ƙarfina ya ƙare na sake shi, ya yi tari, ya gyara riga, ya durƙusa ya fara addu'a.

Ban san addu'arsu ba a lokacin. Na dai ji yana kiran Yesu, yana kiran sunana, yana faɗin Hajo. Sai ya ce ni ma in faɗi abin da nake so. Na buɗe baki zan ce kwalba. Abin da ya fito shi ne, "Ina son gida." Na yi ta faɗi ina kuka kamar yaro. Na ce, in kana ji, kai da wannan mutum ke kira, ka fitar da ni daga gidan hayaƙi ka kawo ni na gaskiya.

Ba wata murya da na ji. Na dai ɗaga kai na ga gawon, da ƙasar da ba a shuka ba, ciyawa ta cinye ta, sai na ji zafin ganinta haka. Tun da na dawo ban ji zafin komai ba sai na rashin kwalba. Daga ranar ciwon ya fara sauka. Yabo ga sunansa!

Damina uku ke nan ban sha ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, in na ji ƙamshin wani abu yana ƙonewa, wani lokaci bakina kan kawo yawu. Sai in kira sunan Yesu in kama aiki.

Na je Damana sau biyu. Surukina ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni fura. Ya ce ya ji na bar kwalba, ya gode Allah, amma ya kuma ji na bi hanyar Majo, wannan kuwa magana ce mai nauyi a gidansu. Ban ga laifinsa ba. Hajo ba ta fito ba. Na ji dakanta a bayan danga, na san hannunta ne. Damina biyu na yi da irin aro.

Bana, kafin ruwan farko, wanta ya tsaya ƙofar gidana zai wuce kasuwa. Ya sauke gora daga jaki. Goran nan ne, da igiyar da na ɗaura masa da hannuna. Na buɗe, toka sabuwa, iri sabo. Ashe duk shekarun nan tana shuka shi a bayan gidansu don kada ya mutu.

Na ce, "Mi tac ce?"

Ya ce, "Ta ce ita ba ta ce tana zuwa ba. Iri dai na gidanku na, yanzu ana iya bar maka shi."

Na shuka. Mutum ɗaya, aikin biyu: in sara layi har ƙarshe, in dawo in zuba in rufe. Diddigena babba ne, ba ya rufewa da kyau kamar nata. Har yanzu in ina sara nakan rage sauri, ko da yake ba mai yin tsaki. Geron ya tsiro, yanzu ya kai gwiwa.

Ina gode wa Ubangiji da ya mai da ni mutumin da za a iya bar wa iri. Duk wanda ke zaune gindin bango a cikinku, ko yana da wani a gida, kada ya fid da rai, Yesu yana zama da wanda kowa ya rufe wa ƙofa. Ku dogara gare shi. Kuma in kun durƙusa, ku sa Hajo a ciki. Na ware mata layukan da ke kusa da gawo, inda ta fi son yin girbi. Amin.